Sojan da ke bakin daga, wa ke duba gidansa?

A teburin mai shayin bakin layinmu na ji maganar da ta sa ni wannan rubutu. Labari ya zo cewa wani yaro ɗan unguwarmu, kofur a soja, ya rasu a kwanton ɓauna a Borno. Aka yi salati. Sai wani dattijo, wanda ba a san shi da kasassaɓa ba, ya ajiye kofinsa ya ce, "Allah Ya jiƙansa. Amma fa shi ya sa hannu. Duk wanda ya shiga soja ya san abin da ya ɗauko." Babu wanda ya musa masa. Nan da nan hira ta koma kan tsadar taki.

Marigayin ya bar mace da yara ƙanana, ga tsohuwa da ke jiran aikensa duk ƙarshen wata. Da a haɗarin mota ya rasu, babu wanda zai ce ai shi ya shiga motar da ƙafarsa. Amma da yake kaki ne a jikinsa, sai muka ɗauka an riga an biya diyyar ransa tun ranar da aka ɗauke shi aiki.

Ni dai matsayina a fili yake. Gidan sojan da ke bakin daga amana ne a wuyan unguwarsu, da masallacinsu ko cocinsu, da garinsu. Wannan amanar ba za ta jira sai gwamnati ta gyaru ba, ba kuma za ta jira sai mun huce daga fushin da muke yi da rundunar soja ba. Riƙe ta bai ce mu kama bakinmu a kan laifin manya ba. Ɗaga murya ma yana cikin riƙon.

Na san abubuwan da za a ce mini, don na sha jin su.

"Ai aikinsa ne, ana biyansa"

Ana biyansa, gaskiya ne. To nawa? Har farkon 2025 kuɗin abincin soja na yini guda naira 1,500 ne, kafin Babban Hafsan Sojojin Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Olufemi Oluyede, ya sanar da mayar da shi naira 3,000. Duk mai zuwa cefane ya san abin da naira 1,500 za ta iya saya a wannan marra.

Ku dubi masu cika layi idan ana ɗaukar kurata. Ɗan manomi ne, ɗan tela, ɗan mai gadi, ko ɗan tsohon soja da ya tashi a bariki. Ya gama sakandare, ya yi ta yawon neman aiki har ya gaji. Ya sha horo na watanni a Zariya, kafin gashin da aka aske masa ya gama tsirowa an tura shi Damboa, ko Malam Fatori, ko dazukan Zamfara. 'Ya'yan masu faɗa a ji ba kasafai ake ganinsu a wannan layin ba.

Yaƙin nan tun 2009 ake yinsa. Yaron da aka haifa a shekarar da aka kashe Muhammad Yusuf a Maiduguri ya kusa kai shekarun shiga soja. An sauya sunan farmakin daga Lafiya Dole zuwa Haɗin Kai a 2021. A arewa maso yamma an yi Hadarin Daji, aka dawo Fansan Yamma. Sunaye na canzawa, amma 'ya'yan talakawan nan dai su ne a cikin ramukan tsaro.

Masu cewa aikinsa ne sun manta da 2014. A watan Agusta Shekau ya ayyana daularsa a Gwoza. Bama ta faɗi a Satumba, Mubi a Oktoba, Baga a Janairun 2015. Mutanen Maiduguri ido biyu suke kwana. Waɗanda suka tare hanya a Konduga, waɗanda kuma suka ƙwato garuruwan nan ɗaya bayan ɗaya tare da mafarauta da 'yan kato da gora da dakarun Chadi da Nijar, su ne irin yaron da aka ce shi ya sa hannu. Da sun ajiye bindiga sun ce albashin bai kai ba, da Kano da Bauchi ma sun ji a jikinsu fiye da yadda suka ji.

Kuma ko mun yarda ya sa hannu a kan ransa, matarsa ba ta sa hannu a kan yunwa ba. Ɗansa mai shekara shida bai sa hannu a kan a kore shi daga makaranta saboda kuɗin zango ba.

Masu suna da marasa suna

Mutane da yawa a Arewa sun san Laftanar Kanal Muhammad Abu Ali, gwanin tankar yaƙi da ya yi fice wajen ƙwato Baga, wanda aka kashe a Malam Fatori a Nuwamban 2016. An san Kanal Dahiru Chiroma Bako da ya rasu bayan kwanton ɓauna a yankin Damboa a Satumban 2020. An san Birgediya Janar Dzarma Zirkusu da ya faɗi a Askira Uba a Nuwamban 2021. Sun cancanci a san su. Sai dai Abu Ali ba shi kaɗai ya rasu a wannan daren ba, Zirkusu ma da sojojinsa ya tafi. Wa zai iya kawo sunan ko da ɗaya daga cikinsu?

Mu dubi abubuwa biyu da suka faru. A ranar 18 ga Nuwamba, 2018, mayaƙan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, suka afka wa sansanin bataliya ta 157 a Metele. Kwanaki suka shuɗe hukuma ba ta ce uffan ba, alhali bidiyon da maharan suka ɗauka yana yawo a wayoyin mutane. Da rundunar ta yi magana, sai ta ce sojoji 23 aka kashe, kafafen labarai kuwa suna kawo adadin da ya ninka haka. Ku yi tunanin matar da mijinta ke wannan bataliya, a cikin waɗannan kwanakin.

A watan Maris na 2024 kuma aka kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta. Hedikwatar tsaro ta fitar da sunayensu da hotunansu. Aka binne su a maƙabartar sojoji ta Abuja, Shugaba Tinubu ya je da kansa, ya ba su lambobin girma, ya yi alƙawarin gida ga kowane iyali da karatun 'ya'yansu, ya kuma ba da umarnin a biya haƙƙoƙinsu cikin kwana 90. Abin da ya kamata ke nan, kuma ya nuna ana iyawa idan an so.

To me ya hana a yi wa kowane soja haka? Wanda nakiya ta tashi da motarsu a hanyar Biu bai fi na Okuama arhar rai ba. A Nijar, da aka kashe sojoji 71 a Inates a Disambar 2019, ƙasar ta yi zaman makoki na kwana uku, aka jera gawawwakin lulluɓe da tuta a sansanin sojan sama na Yamai, Shugaba Issoufou Mahamadou ya tsaya a kansu. Mu kuwa sau da yawa sai dai a ji an yi jana'iza a maƙabartar Maimalari, ba suna, ba gari.

Wannan ɓoye suna yana da illa a unguwa. Idan ba a faɗi cewa wane ɗan wane na unguwa kaza ya rasu ba, mutane ba sa jin mutuwar a matsayin tasu. Shi ya sa hira ke saurin komawa kan taki.

"Sojojin da suka zalunce mu?"

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Akwai wanda aka sa tsallen kwaɗo a shingen bincike a gaban matarsa. Akwai uwar da aka tafi da ɗanta barikin Giwa a shekarun da rikicin ya yi tsanani, har yau ba ta ji ɗuriyarsa ba. A Zariya, bayan abin da ya faru tsakanin sojoji da 'yan Shi'a a Disambar 2015, jami'in gwamnatin Kaduna ne da bakinsa ya shaida wa kwamitin bincike cewa mutum 347 aka binne a kabari guda. A Rann jirgin yaƙi ya yi luguden wuta a sansanin 'yan gudun hijira a Janairun 2017, mutum fiye da ɗari suka mutu. A Tudun Biri, daren 3 ga Disamba, 2023, masu Mauludi ne jirgi marar matuƙi na soja ya hallaka, hukumar agajin gaggawa ta ce an binne 85.

Wanda aka kashe wa ɗa a ɗaya daga cikin wuraren nan, ba ni da bakin da zan ce masa ya tafa wa soja. Ba tafi nake nema ba ma.

Abin da nake cewa shi ne a nemi haƙƙi a wurin da yake. Wanda ya ba da umarni yana da suna da muƙami, a matsa a gurfanar da shi, a biya diyya, a fitar da rahoton bincike a bainar jama'a. Amma yarinya 'yar shekara huɗu da ubanta ya mutu a Marte ba ita ta harba bam a Tudun Biri ba. Idan muka huce a kanta, babban hafsan da ya yi laifin ko a jikinsa, don shi 'ya'yansa ba su dogara da tuwon maƙwabta ba. Addininmu ma ya hana a ɗora wa rai laifin wani rai.

Akwai kuma wani abin da na lura da shi. Sojan da ya san mutanen gari suna ƙyamarsa, ya shekara uku bai ga iyalinsa ba, ya kira gida aka ce an yanke wuta, yaro na kwance ba kuɗin magani, wannan sojan ne ake tsayarwa a shinge da bindiga cike da harsashi. Ban ce wannan uzuri ne na cin zali ba. Amma mai son a daina cin zali a shinge ya kamata ya damu da halin da gidan mai tsaron shingen yake ciki.

Abin da ke faruwa a cikin gidan

Nan ne na fi son mu daɗe, don nan ne ba a gani.

Matar soja tana rayuwa ne da waya a hannu. Inda mijin yake sau da yawa babu sabis, sai ya hau tudu ko ya jira an shigo gari. Mako biyu shiru abu ne da ta saba da shi. Mako uku ya wuce, sai ta fara zagaya matan abokan aikinsa tana tambaya ko nasu sun kira. Ita ce uwa, ita ce uba, ita ce mai zuwa asibiti da tsakar dare, ita ce mai ba wa mai gidan haya haƙuri. Ga bakin mutane: ta yi kwalliya a ce mijinta ba ya nan wa take yi wa, ta fita neman na kanta a ce yawo take.

A bariki da ɗan sauƙi, akwai magajiya, wato shugabar matan bariki, akwai ƙungiyoyin matan sojoji da na matan hafsoshi, kowa ya san halin da kowa ke ciki. Amma matan sojoji da yawa ba a bariki suke ba. Suna cikin gari, a ɗakin haya, ko a gidan surukai a ƙauye, inda babu wanda ya san me ake nufi da shirun mako uku.

Idan mummunan labari ya zo, sau da yawa ba ta bakin hukuma yake fara zuwa ba. Ta WhatsApp yake zuwa. Wani ya turo hoton gawawwaki a zaure, wani ya tura gaba, har ya faɗo wayar ƙanwarta. Ina roƙon duk mai karanta wannan, don girman Allah, ya daina tura hotuna da bidiyon gawar sojoji. 'Yan ta'adda ne suke ɗaukar yawancinsu, don a yaɗa suka ɗauka, kai kuma ka zama ɗan aikensu kyauta. Kuma kowace gawa a ciki akwai mai gane ta da agogon hannu ko da tabon goshi.

Bayan sadakar uku da ta bakwai sai kowa ya watse, a bar ta da takaba ta wata huɗu da kwana goma. A daidai lokacin da shari'a ta ce ta zauna a ɗakinta ne takardu ke bukatar a bi su. Takardar shaidar mutuwa, takardar kotu ta gado, hotuna, asusun banki, zuwa bataliya, zuwa Abuja, a ce a dawo wata mai zuwa. Mace ce wataƙila ko sakandare ba ta gama ba, kuɗin motar ma rance ne. In a bariki take, ta san zaman ba mai ɗorewa ba ne, wata rana za a bukaci ɗakin.

Sai babbar matsalar da mu kanmu muke haddasawa. Lokacin da yaro zai shiga soja yana saurayi, sunan mahaifinsa ko yayansa yake rubutawa a matsayin wanda za a nema idan ta Allah ta kasance. Ya yi aure, ya haihu, bai koma ya canza ba. Ranar da kuɗi suka fito, asusun yayan suke faɗawa. Na ga gidan da aka yi haka: yayan ya sayi babur mai ƙafa uku ya ƙara aure, matar marigayin ta koma gidan iyayenta da marayu, tana sayar da awara a ƙofar gida. Wannan ba gwamnati ba ce ta yi. Mu ne.

Ina son in ji limamai sun hau mumbari sun bayyana cewa wanda aka rubuta sunansa a takarda wakili ne kawai, kuɗin magada ne. Matar tana da tumuninta, iyaye suna da rabonsu, sauran na marayu ne, kuma Alƙur'ani ya faɗi abin da mai cin dukiyar maraya yake zuba wa cikinsa. Huɗuba guda a kan wannan za ta fi tarin furanni amfani.

Akwai wadda ta fi wannan shiga tsaka mai wuya, ita ce matar wanda aka ce ya ɓace. Ba gawa, ba kabari, ba takarda. Ba ta san ko ta shiga takaba ko ta ci gaba da jira ba. Ba ta da damar aure, ba ta da damar neman haƙƙin mamaci. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani a kan matar wanda ya ɓace, har sun bambanta wanda ya ɓace a tafiya da wanda ya ɓace a fagen yaƙi. Hukuncin yana nan, amma sai an kai maganar gaban alƙali, ita kuma kunya da tsoron surukai ba za su bar ta ta je ita kaɗai ba. Tana bukatar dattijon da zai ce, "'Yata, tashi mu je, ni zan yi magana."

Wanda ya dawo da rai ma ba lallai ne ya dawo duka ba. Wani ya baro ƙafa a can, ya yi watanni a asibitin sojoji na 44 a Kaduna. Wani jikinsa lafiya, amma ƙarar faɗuwar murfin tukunya sai ta sa ya zabura, ba ya barci, ya koma shan ƙwaya, ya fara dukan matar da da ko tsawa ba ya yi mata. Mu kuma sai mu ce soja ne, dama haka suke. Ciwo ne, yana da magani, kuma abokansa na ƙuruciya ne suka fi kowa iya lallashinsa ya je ya ga likita.

"Aikin gwamnati ne"

Ƙwarai kuwa. Albashi, makami, inshorar rai, kuɗin sallama, fansho, karatun marayu, duk haƙƙi ne a kan gwamnati, ba alfarma ba. Masu wannan magana suna tsoron kada taimakon jama'a ya zama hanyar da hukuma za ta sulale ta bar nauyinta. Tsoron yana da tushe.

Mun ga yadda aka yi a 2014. A watan Mayu sojoji a barikin Maimalari suka buɗe wa motar kwamandansu wuta bayan an kawo gawawwakin abokansu. A watan Agusta matan sojoji da 'ya'yansu suka tare ƙofar barikin Giwa, suka ƙona tayoyi, suka ce ba za a kai mazansu Gwoza da makaman da ba su kai na abokan gaba ba. Kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa a Disambar wannan shekarar saboda ƙin fita yaƙi, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara goma. Shekara guda bayan hukuncin sai ga tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, a gaban kotu bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai. Ashe kukan matan nan ba na banza ba ne.

A Agustan 2018 sojoji sun yi harbi sama a filin jirgin Maiduguri, suna cewa sun shekara da shekaru a daga ba a canza su ba, ga shi za a sake tura su Marte. A ƙarshen 2024 da farkon 2025 kuma tsofaffin sojoji ne suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. Dattawa masu furfura, waɗanda ake kira 'yan mazan jiya ana jinjina musu duk ranar 15 ga Janairu.

Ita wannan ranar, wadda ta dace da ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, ban raina ta ba. A ajiye furanni, a saki tattabaru, a sayi bajon tunawa a maƙala a ƙirji, duk da kyau. Amma wa ya taɓa tambayar nawa aka tara a gidauniyar sayar da bajon a shekarar da ta wuce, zawarawa nawa suka samu, a wace jiha? Tambayar nan haƙƙinmu ce, tunda da sunan marayu aka karɓi kuɗin.

Wasu na ganin duk wanda ya yi irin waɗannan tambayoyin yana karya wa dakaru gwiwa ne. Ku tambayi sojan da ke cikin rami a Kukawa me ke karya masa gwiwa: ɗan jaridar da ya tambayi ina kuɗin harsashi, ko ganin matar abokinsa da ya mutu bara tana yawon ofis-ofis? Shi doka ta hana shi magana, in ya yi bidiyo ya koka sai ya tsinci kansa a gadurum. Mu da ba mu sa kaki ba mu ne bakinsa.

Don haka matsa wa gwamnati da taimakon maƙwabciya ba kishiyoyi ba ne. Fayil na iya shekara biyu a kan tebur, yara kuwa yau da dare za su nemi tuwo.

"Mu ma a wahale muke"

Haka ne. Mutumin da 'yan bindiga suka kora daga gonarsa a Birnin Gwari ko Sabon Birni, wanda ya sayar da shanunsa ya biya kuɗin fansa, ba shi za a ce ya kawo gudummawa ba. Shi ma a taimake shi. Amma mafi yawan abin da nake nufi ba ya cin kuɗi mai yawa.

Da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina daga Mu'uta, Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a dafa wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya same su. Ya kuma inganta daga gare shi cewa wanda ya kula da iyalin mai fita yaƙi da alheri a bayansa, shi ma yana da ladan fitar. Madina a lokacin ba garin masu kuɗi ba ne.

Mai unguwa ya san gidan kowa. Ba wuya ba ne ya san gidaje nawa ne mazansu ke daga, ba don a liƙa a bango ba, don wannan na iya jawo musu haɗari, sai don shi da liman su riƙa leƙawa. Kwamitin masallaci da ke tara kuɗin janareta zai iya ware wani abu na kuɗin makarantar marayu biyu. 'Yan Zumuntar Mata a coci sun riga mu iya wannan, a koya daga gare su. Mai makarantar kuɗi ya ɗauki yaro ɗaya kyauta. Mai gidan haya ya ɗaga wa mai takaba ƙafa har ta fita. Mai kemis ya ba da bashi ba tare da gori ba. Hukumomin zakka irin na Kano da Sakkwato su sa zawarawan nan a lissafinsu, ai suna cikin mabukata.

Wanda na fi ganin amfaninsa shi ne mai ilimin boko. Lauya ɗaya, ko tsohon ma'aikacin gwamnati da ya san yadda fayil ke tafiya, ko tsohon saje-manja da ya yi ritaya, in ya ɗauki takardun bazawara guda ya bi mata su har ƙarshe, ya yi abin da buhun shinkafa goma ba zai yi ba. Ƙungiyar lauyoyi a kowace jiha tana iya ware rana ɗaya a wata don wannan. Iyaye kuma, duk wanda ɗansa soja ne ya yi aure, ku ce masa idan ya zo hutu ya je ya gyara takardarsa. Ba fatan mutuwa ba ne.

Kada kuma a manta da waɗanda ba su da ko takardar. 'Yan kato da gora da suka tashi a Maiduguri a 2013, mafarautan Adamawa, Askarawan Zamfara, dakarun tsaron al'umma na Katsina, suna mutuwa a daji ɗaya da sojoji. Da yawansu babu fansho, babu inshora, sai abin da gwamna ya ga dama ya bayar ranar ta'aziyya.

Haka nan sojan da ya fito daga Enugu ko Ogun ko Binuwai, ya zo ya mutu yana gadin ƙauyen da ko yarensu ba ya ji. Iyalinsa suna can nesa, ba za mu iya kai musu tuwo ba. Amma jihar da ya mutu yana karewa za ta iya rubuta wa uwarsa takarda da sunansa, ta kuma ɗauki karatun ɗansa.

Gwamna Zulum ya ba iyalan Kanal Bako naira miliyan 20 da gida, an kuma yaba masa. Abin da nake nema daga majalisun dokokin jihohin Arewa shi ne su mayar da irin wannan doka: asusu mai kaso a kasafin kuɗi, rajistar duk jami'in tsaro da ɗan sa-kai da ya rasu ko ya nakasa a cikin jihar ko wane ne shi, da rahoton da za a karanta a zauren majalisa duk shekara, a faɗi wa aka biya, wa ya rage. Ɗan majalisar mazaɓarku yana zuwa ɗaurin aure da jana'iza, lambarsa tana wayar mutane da yawa a cikinku. Ku tambaye shi yaushe zai kai ƙudurin.